Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin hukumomin ruwan sha: me kuka auna kafin ku ce mu sha?

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan takarda guda ɗaya, wadda ɗakin gwaje-gwaje ke fitarwa, ku sa mata hannu, sannan a sanar da jama'a cewa ruwansu ya cika sharuɗɗa. Miliyoyin mutane suna ɗaga kofi su kai baki bisa amanar wannan takarda, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa ganinta ba. Aikina shi ne auna sinadaran da ke cikin ruwa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ana iya samun takardar da kowace lamba a cikinta daidai take, amma ruwan yana cutar da masu shan sa. Hakan na faruwa idan ba a nemi abin da ya kamata a nema ba, ko an ɗebo samfurin ta hanyar da ta rufe matsalar, ko an auna sau ɗaya ranar bikin buɗe rijiya daga nan aka naɗe tabarma.

Ku dubi abin da ya faru a Bangladesh. Daga shekarun 1970 gwamnatin ƙasar da hukumomin agaji, ciki har da UNICEF, suka himmatu wajen haƙa rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan tafki da na kogi, wanda amai da gudawa ke kashe yara ta dalilinsa. Niyya mai kyau ce, kuma ta yi amfani, mace-macen yara sun ragu. Ruwan yana fitowa garau, da sanyi, babu ƙwayar cuta. A 1992 Hukumar Binciken Ƙasa ta Birtaniya ta auna ruwan wasu rijiyoyin ƙasar, ta duba sinadarai da dama, amma arsenik, wani sinadari mai guba, ba ya cikin jerin. A 1993 aka tabbatar da shi a rijiyoyin yankin Chapai Nawabganj. A shekarar 2000 wata maƙala a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77, cikin miliyan 125 na ƙasar, suna cikin haɗarin shan wannan guba, kuma marubutanta suka ce ba a taɓa shayar da al'umma guba mai yawan haka ba a tarihi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babu masana'antar da ta zuba arsenik ɗin nan. Yana cikin lakar da koguna suka kwaso daga duwatsun Himalaya tun shekaru aru-aru, a manne da tsatsar ƙarfen da ke jikin yashi. A ƙarƙashin ƙasa, inda iskar oksijin ta ƙare, tsatsar kan narke ta sake shi cikin ruwa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da shi. Sai an shekara biyar ko goma ana sha kafin tabo ya fara fitowa a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ciwon daji na fata ko mafitsara ko huhu ya biyo baya. Abin da ya fi ɗaure kai, rijiyar wannan gida tana iya zama lafiya lau, ta maƙwabcinsa kuma cike da guba, don haka auna rijiya ɗaya a madadin unguwa ba ya wadatarwa. Gwajin kuwa ba gagara-badau ba ne. Akwai ƙaramin akwati da ma'aikaci zai riƙe a hannu: a zuba ruwan a kwalba, a sa garin zink da asid, arsenik ɗin ya tashi a matsayin iska ya taɓa wata 'yar takarda da ke bakin kwalbar, ta rine daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa gwargwadon yawansa. Bai kai na'urar ɗakin gwaji daidaito ba, amma ya isa ya nuna rijiyar da ya kamata a ƙaurace mata.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga arsenik ita ce maikurogiram 10 a lita ɗaya, haka ma ga dalma. Wato giram 10 a lita miliyan ɗaya, kamar ƙaramin cokali biyu na gishiri a watsa cikin wannan ruwa duka. Ina ambaton wannan ne saboda wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami da ta yaɗu, wadda ake tsomawa a kofi ta nuna lamba, sai a ce ruwa ya yi kyau tunda lambar ƙarama ce. Abin da take aunawa shi ne yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, daga nan ta ƙiyasta jimillar gishirin da ya narke a ciki, wanda yawanci ake lissafa shi da ɗaruruwan miligiram, alhali miligiram ɗaya maikurogiram dubu ne. Dalmar da za ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko gezau ba za ta sa wannan lamba ta yi ba. Na'urar tana da amfaninta: idan lambar rijiya ta yi tsalle daga yadda aka saba, alama ce wani ruwa ya kutso. Amma ba ta da hurumin yanke hukunci a kan lafiyar ruwa, kuma ya kamata a ji wannan daga bakinku, tunda masu sayar da ita ba za su faɗa ba.

Fuloraid ma daga dutse yake fitowa. Ƙa'idarsa miligiram 1.5 a lita, kuma a sassan Habasha da Kenya da Tanzaniya da Indiya akwai rijiyoyin da suka ninka hakan sau da yawa, haƙoran yara su dafe, ƙasusuwan manya su sandare. Naitiret shi kuma daga gare mu yake zuwa, daga takin zamani da masai da ke kusa da rijiya. Ƙa'idarsa miligiram 50 a lita, saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin wannan ruwa: jininsu kan kasa ɗaukar oksijin har leɓensu ya yi shuɗi. Wani likita mai suna Hunter Comly ya bayyana hakan tun 1945 a jihar Iowa ta Amurka. Uwar da ta tafasa ruwan don ta kare ɗanta ƙara kaurin naitiret ɗin ta yi, domin tururi ya tafi, shi ya zauna. Ba laifinta ba ne. Ba wanda ya auna ya gaya mata.

Yanzu bari in zo kan ɓangaren da na fi so ku ba shi hankalinku, wato ɗebo samfur. Mafi yawan kuskuren da ke cikin sakamako ba a ɗakin gwaji yake shiga ba, a bakin famfo yake shiga, a hannun ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi da horo. Ruwa a kwalba ba ya zama yadda aka ɗebo shi. Kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, yana gushewa, ma'aunin tsami na pH yana sauyawa, shi ya sa ake auna waɗannan biyun nan take a wurin, cikin minti 15. Ƙarafa irin su dalma suna mannewa a jikin kwalba, don haka ake ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, sannan samfurin zai iya jira har wata shida. Naitiret kuwa kwana biyu kacal yake da shi, a cikin sanyi, domin ƙwayoyin halitta na ci gaba da sarrafa shi a cikin kwalbar. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta dole a sa mata sinadarin tayosalfet tun kafin a fita, ya kashe ƙarfin kulorin, in ba haka ba kulorin ɗin zai ƙarasa kashe ƙwayoyin a kan hanya, sakamako ya fito fes alhali ruwan famfon ba haka yake ba. Kuma a kai ta cikin akwatin ƙanƙara cikin awa shida, in ta yi nisa kada ta wuce awa 24. Samfurin sinadarai masu tashi a iska, irin na man fetur, ana cika kwalbarsa maƙil ba tare da ko ƙwayar kumfa ba. Duk samfurin da ya yini a bayan mota cikin rana ya tashi daga aiki, ko da na'urar da za ta auna shi ta fi kowace tsada a duniya.

Garin Flint da ke jihar Michigan ta Amurka ya nuna inda wannan ke kaiwa. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin mashaya zuwa kogin Flint, ba tare da an riƙa sa sinadarin fosfet da ke yi wa cikin bututu rufi ba. Sabon ruwan ya riƙa cin tsofaffin bututan dalma. Dalma ba daga matatar ruwa take fitowa ba, a hanya take shiga, tsakanin babban bututu da famfon gida, don haka auna ruwa a matata ba zai nuna ta ba. Hanyar da ta dace ita ce a bar ruwan ya kwana a bututu aƙalla awa shida, sannan a tari litar farko da ta fito, a gidajen da aka san suna da bututun dalma. A Flint an umarci mutane su saki famfo na wasu mintuna tun daren jiya, abin da ke wanke dalmar da ta taru. An yi amfani da kwalabe masu ƙaramin baki, waɗanda sai an rage ƙarfin famfo, ruwa mai tafiya a hankali kuwa ba ya ɓamɓaro ɓurɓushin dalma. Ba a tabbatar cewa gidajen da aka zaɓa masu bututun dalma ba ne. Sannan aka cire samfura biyu masu yawan dalma daga lissafi, sai alƙaluman suka sauko ƙasa da maikurogiram 15 a lita da dokar ƙasar ta sa a lokacin a matsayin iyakar ɗaukar mataki. Sai da Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech da ɗalibansa suka raba wa mazauna garin kwalabe suka auna ruwan gidaje sama da 250, kuma likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna a watan Satumban 2015 cewa adadin yaran da dalma ta yi yawa a jininsu ya kusa ninkawa, sannan hukumomi suka amsa. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da na'urori da ƙwararru. Na'urorin ba su yi ƙarya ba, abin da aka kawo musu suka auna.

Gwajin da ya fi kowane ceton rai shi ne mafi arha. A jefa ƙwayar sinadarin gwaji mai suna DPD cikin ɗan ruwa, in akwai ragowar kulorin sai ya koma ruwan hoda, a gwada kaurin launin da katin ma'auni. Minti biyu an gama. Abin da ake nema shi ne aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan ruwan ya yi minti 30 da kulorin, pH yana ƙasa da 8, kuma kada ya gaza 0.2 a famfon da ya fi nisa da matata. A haɗa shi da auna dagulewar ruwa, wadda ake so ta kasance ƙasa da 1 a ma'aunin NTU, domin ƙwayar cuta kan laɓe a jikin ɓurɓushin laka kulorin ya kasa cim mata. Muhimmancin waɗannan biyun a lokaci yake. Ƙa'ida ta ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, amma kafin ta tsiro a ɗakin gwaji sai an yi awa 18 zuwa 24, lokacin an riga an shanye ruwan. Faɗuwar kulorin kuwa a take take gaya maka wani abu ya shigo.

A garin Walkerton na lardin Ontario a Kanada, cikin watan Mayun 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya kwashi kashin shanu zuwa ɗaya daga rijiyoyin garin. Mutum bakwai suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Dennis O'Connor ya gano cewa ma'aikatan ruwan sun daɗe suna cike littafin kulorin da lambobi ba tare da sun auna ba, har suna rubuta sunan wani wuri a kan kwalbar da aka cika a wani wurin dabam. Ina roƙonku ku buɗe littattafan matatunku ku duba da idonku. Ruwa na gaske yana hawa yana sauka, da damina dabam da rani dabam. In kuka ga lamba ɗaya tana maimaita kanta shafi bayan shafi, ku je ku tsaya a kan mai aunawa, ku kuma tambaye shi yaushe rabon da a ba shi ƙwayoyin gwaji, domin sau da yawa amsar tana nan.

Na san za a kawo muku zancen cewa kulorin yana haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ruwa ya haifar da sinadarai masu iya cutarwa irin su kulorofom, kamar yadda Johannes Rook ya gano a Rotterdam a 1974. Gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙa auna su. Maganinsu shi ne a tace ruwa sosai kafin a sa kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoronsu.

Ba na adawa da manyan na'urori. Tun da Alan Walsh ya fito da hanyar auna ƙarafa ta yadda suke zuƙe haske a 1955 a Ostireliya, zuwa na'urar ICP-MS da ta shigo kasuwa a shekarun 1980 tana auna ƙarafa da dama a tashi ɗaya, an samu ido mai ganin abin da a da ba a gani. Sinadaran masana'antu marasa ruɓewa da ake kira PFAS, waɗanda Amurka ta sa wa biyu daga cikinsu iyakar nanogiram 4 a lita a 2024 (nanogiram dubu ne maikurogiram ɗaya), ba a ganinsu sai da irin waɗannan kayan. Abin da nake adawa da shi shi ne a sayi na'ura a yanka kintinkiri, ba a ware kuɗin iskar agon da take ci ba, ba lantarki tsayayye, ba kwantiragin gyara, ba sinadaran saitawa. Cikin shekara guda sai a lulluɓe ta da ƙyalle. Ɗakin gwaji guda ɗaya mai aiki, wanda ya cika sharuɗɗan ISO 17025, wato ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji, da motoci da akwatunan ƙanƙara masu kai masa samfur daga ko'ina, ya fi guda goma da aka ƙawata aka kulle.

Kuma idan an kawo muku sakamako, akwai tambayoyin da bai kamata ku sa hannu ba sai kun ji amsarsu. Shin an tafi da kwalbar ruwa tsarkakakke fili an dawo da ita an auna, don a san ko kwalabe ko hannaye ne suka sa datti? An ɗebi samfur biyu a wuri ɗaya an ga sun yi daidai? An auna ruwan da aka riga aka san abin da ke cikinsa, na'urar ta faɗi gaskiya? Sai kuma kalaman nan da kuka fi son gani, “ba a samu ba”. Kowace hanyar gwaji tana da iyakar da ba ta gani ƙasa da ita. In hanyar ba ta ganin dalma sai ta kai maikurogiram 50, to “ba a samu ba” na iya nufin 40, ninki huɗu na ƙa'ida. Ku sa a riƙa rubuta wannan iyaka a gefen kowane sakamako.

Kogi da tafkin da kuke jan ruwa daga ciki suna buƙatar nasu idon. Yawan oksijin da ke cikin ruwa, wanda ake aunawa da hanyar Winkler tun 1888 ko da na'urar hannu, yana hawa da rana saboda tsirran ruwa, ya faɗi ƙasa gab da asuba, lokacin da kifi ke mutuwa. Wanda ke aunawa da tsakar rana kaɗai kogin lafiya zai gani kullum. Ruwan dagwalon masana'antu ana auna nauyin dattinsa ta yawan oksijin da dattin ke cinyewa, da gwajin BOD, mai ɗaukar kwana biyar a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, ko na COD mai awa biyu. Amma masana'antar da ta san ranar zuwan sufeto ta san ranar rufe magudanarta. Ku riƙa zuwa ba sanarwa, da dare da ranakun hutu, ko ku girke na'urar da ke tsotsar ruwa kaɗan-kaɗan tsawon awa 24. Ku auna lakar gindin kogi ma, domin a can ƙarafa ke kwanciya bayan ruwan da ya kawo su ya daɗe da wucewa.

Duk wannan aikin banza ne in sakamakon ya ƙare a cikin durowa. Abu mafi amfani da aka yi a Bangladesh bayan an gane ɓarnar shi ne bin rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, miliyoyinsu, ana aunawa ana shafa fenti a bakin famfo: kore ga wanda bai wuce ƙa'idar ƙasar ta maikurogiram 50 ba, ja ga wanda ya wuce. Tsarin yana da naƙasu, fenti kan goge, sababbin rijiyoyi kan fito ba a auna ba, kuma 50 ɗin ta ninka ƙa'idar duniya sau biyar. Duk da haka iyalai da yawa sun bar jan famfo sun koma kore, saboda sakamakon ya iso gare su a siffar da ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Na san abin da ke hana ku wallafa sakamako mara daɗi, kuna tsoron tayar da hankali da zubewar mutuncin hukuma. Amma mai shan ruwan shi ke da jikin da gubar za ta zauna a ciki, shi ya fi kowa haƙƙin sani, kuma shi ke iya sauya rijiya gobe da safe tun kafin ku samu kuɗin gyara.

Don haka ga abin da nake nema daga gare ku. Kada a miƙa wa jama'a sabuwar rijiya sai an auna E. coli da arsenik da fuloraid da naitiret, da duk wani ƙarfen da yanayin ƙasar wurin ko ma'adinai ko masana'antun kusa suka sa ake zargi, sannan a koma a sake aunawa da rani da damina. Kulorin da dagulewa a auna su kullum, a matata da kuma ƙarshen layi. Dalma a neme ta a famfon gidaje da makarantu, daga ruwan farko na safiya. A kasafin kuɗin baɗi a buɗe layi na musamman ga kwalabe da ƙanƙara da man mota da ƙwayoyin gwaji da horon masu ɗebo samfur, wanda ba za a karkatar da shi ba. A ba wa ma'aikacin ɗakin gwaji kariya a rubuce, ta yadda kawo mummunan sakamako ba zai jawo masa canjin wurin aiki ba. Kuma kowane wata a manna sakamakon a inda mutane ke ɗiban ruwa, a karanta shi a rediyo, a sa shi a intanet, da ranar da aka ɗebo samfurin, da wurin, da sunan ɗakin gwajin da ya auna, da lambar wayar da mutum zai kira in ruwan gidansa ya sauya launi ko wari.

Ina sauraron amsarku a fili, kamar yadda na rubuto a fili.

Wassalam,
Daga wani ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa.